Ƙorafi Kan Kifayen Surukina a Tafkin Kwaɗi

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Hukumar Kula da Tafkunan Tsauni,
Manchester.

Daga Murja Jumare,
Ɗalibar digiri na uku, Fallowfield.

14 ga Mayu, 2013

Game da: Dakatar da izinina na bincike

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ga kokena.

1. Hukumarku ta kwashe kifin wani tafki da ke cikin gandunta kakaf, ta hana a sake zubawa, domin wasu kwaɗi masu wuyar samu su hayayyafa, tun da kifi kan cinye ƙwansu da 'ya'yansu. A kan waɗannan kwaɗi nake digirina, kuma tallafin karatuna zai ƙare a Satumba.

2. Da aka tsuke bakin aljihu, kun sallami mai gadin tafkin, kun kafa allon gargaɗi da Turanci a madadinsa.

3. Ranar 6 ga Afrilu na kai surukina, Baba Rabe, masunci daga Yawuri da ya zo mana ziyara, ya ga wurin aikina. Da ya ji babu kifi ko ɗaya a ciki, sai da ya yi ƙwalla. A wurinsu ruwan da ba kifi maraya ne. Ba da sanina ba, ya sa mijina ya kai shi Birmingham, ya sayo kifaye masu rai, irin masu jure sanyi, ya yi bismilla ya sake su, don kada a ce surukarsa tana aiki a kango. Allon bai ce masa uffan ba, don ba ya jin Turanci.

4. Ni da kaina na sanar da ku. Tukuicina shi ne kun dakatar da ni har sai an fitar da kifin.

5. Baba ya ce shi ya zuba, shi zai kwashe. Ofishinku ya amsa cewa ba a kamun kifi a tafkin sai da izini, jami'in da ke ba da izinin kuma an sallame shi tare da mai gadi. An shawarce ni in jira kwamiti ya zauna a Oktoba. Ranka ya daɗe, kifi ba ya jiran kwamiti. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a ba Baba izinin yini guda kafin ya koma gida. Jiya na leƙa ta bayan shinge, na ga kifayen sun yi ɓulɓul, ban kuma ji kukan kwaɗo ko ɗaya ba. Idan izinin ya gagara, a taimaka a rubuta wa jami'ata cewa babi na huɗu na kundin digirina yana cikin tumbin kifi.

Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya,
Murja Jumare