Kaset ɗin Inna

Hamburg, Jamus
14 ga Maris, 1998

Yaya Mas'udu,

Gaisuwa mai yawa. Ya su Hanatu da yara? Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau. Wankin kwanoni ya tsattsage mini hannu, kuma sai in kwana uku ban yi Hausa da kowa ba, amma ba komai.

Albishirinka, na sayi 'yar na'urar da ke karɓar sauti daga injin CD ta tace shi kafin ya kai lasifika. Asabar uku ina zarya shago kafin na zaɓa. Ta farko da na gwada ƙara kamar injin niƙan Tsafe, ta biyu kuwa har numfashin mawaƙi nake ji. Ba za ka gane ba, kai da rediyonka mai ɗaurin roba.

Ka ce tunda ciwon ya taɓa Inna ta daina magana, in dawo da kaset ɗin da ta yi mini saƙo bara a Bungudu, yara su riƙa jin muryarta. Rabinsa na saurara. Tari ne, da kukan awaki, da "yaushe za ka dawo?"

Ranar da na kawo na'urar na so gwada ɗaukar kiɗa, ba wani kaset a ɗaki sai shi. Na ɗora kiɗan a kan muryar Inna, gaba da baya. Wallahi Yaya, ya fito tangaram.

Zan aiko shi. Ka kunna mata.

Ƙaninka,
Yazid