Rifkatu Ta Koma Fili

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya yara? Mu nan Kafanchan lafiya lau.

Autata Rifkatu ta koma ƙwallon kwando bayan wata tara tana jinyar gwiwa. Ranar Asabar na raka ta fili. Da ta yi tsalle sai na rufe ido. Ina buɗewa na ga ta dira kan ƙafar da aka yi wa aiki, tana dariya.

Tsohon kocinta ya ce, "Baba, in ta daina tsoro, za ta buga wa ƙasa."

Na ce, "Ai tsoron nawa ne."

Jibi za ta koma kulob ɗinta a Legas. Ki sa mu a addu'a, ni da ita. Ki gaida maigida.

Ƙaninki,
Bulus