Kwamfuta Ta Ce Inna Ba Ta Zaɓe Ni Ba

Anti Rahamatu, don Allah ki taimake ni. Abin da ke damuna ko ƙawaye ban iya gaya wa ba, don na san dariya za su yi mini.

Ni ɗaliba ce a Sakkwato, ina karatun ƙididdiga. Garinmu ƙauyen masunta ne a bakin tafki, kusa da Warra. Binciken da nake yi na gama karatu a kan yadda iyaye mata ke yanke shawara ne: in gurbi ɗaya ya rage a makarantar kwana, wane ɗa za a tura? Ni da ƙawata Kande muka bi gidaje daga Ngaski har Shanga muna tambaya. Sannan na zuba amsoshin a kwamfutar sashenmu, furogiram ɗin lissafi ya auna nauyin kowane dalili, da shekaru, da nisan makaranta, da ko mace ce ko namiji. Duk waɗannan sun yi tasiri kaɗan kaɗan. Abu ɗaya ne ya danne su: in yaro ɗan fari ne, da wuya a ambace shi. Na sake lissafin ta kowace hanya, bai canza ba. Malamina, Dokta Yohanna, murna yake yi, wai in rubuta abin da alƙaluma suka nuna.

To Anti, ni ma 'yar fari ce. Kuma Innata tana cikin waɗanda aka tambaya, ina zaune a gefen tabarma. Duk yadda Kande ta juya tambayar, ƙanwata Dije take zaɓa, ko kallona ba ta yi ba. Na san alkunya, a cikinta na tashi, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma da na ga abin a rubuce da lambobi sai ya tsaya mini a rai. Har na tuna lokacin da nake makarantar kwana a Yelwa, duk komawa hutu Baba ke sa ni a kwalekwalensa in ya gama jan taru, Inna kuwa sai ta tsaya can nesa a bakin ruwa, wai kifi ta zo saye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sallah ta matso, kuma ba na jin zuwa gida. Ya zan yi?

'Yar Fari, Jihar Sakkwato

'Yata, sannu. Ɓacin ranki ba abin dariya ba ne. Alkunya al'adarmu ce, amma wanda ake yi wa ita yakan ji zafinta, ko ba a faɗa ba.

Ba zan ce kwamfutarki ta yi ƙarya ba, kuma malaminki yana da gaskiya da ya hana ki ɓoye sakamako. Sai dai abin da kika ba ta shi ta auna, kuma maganar baki kika ba ta. Kin tambayi mata a tsakar gida, ga surukai, ga maƙwabta, wani gidan ma ga ɗan farin a zaune. Wace uwa ce a ƙasar Yauri za ta buɗe baki a wannan zama ta ce shi ta zaɓa? Ki koma ki duba aiki: a kowane gida, wane ɗa ne aka tura makarantar da gaske? Ki ba na'urar wannan, ki ajiye sakamakon biyu gefe da gefe, ki nuna wa malaminki. Ko sun yi daidai ko sun saɓa, bincikenki zai fi ƙarfi. Daga gidanku za ki fara, tunda ke aka tura Yelwa, yau ga ki a Sakkwato.

Batun Sallah kuwa, ki haɗa kayanki ki tafi. Kada ki tsare Inna da tambaya, ba za ta amsa ba, kunya kawai za ki sa ta. Ki zauna kusa da ita, ki taya ta aikin bandar kifi.

Amma kafin nan ki sake karanta wasiƙarki. Ke da kanki kika ce mahaifinki masunci ne, kuma a lokacin ya gama jan taru. Matar masunci, gidanta cike da kifi, me zai kai ta bakin ruwa sayen kifi duk ranar da za ki tafi?

Allah Ya ba ki sa'ar karatu, Ya kai ki gida lafiya. Ki gaishe mini da Inna.

Anti Rahamatu