Layukan Fensir a Littafin Aro

Ramea, 2 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Bernadette,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Halifax? Mu nan lafiya, sai dai gwiwar babanki ta sake tashi, kuma ya ƙi zuwa asibiti, wai sun saba da juna. Tarin kakarki ya yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa. Ni kuwa sai shekaranjiya abinci ya fara yi mini daɗi, kuma dalilin ne ya sa na ɗauki biro.

Ranar da kika bugo waya kina neman koren littafin da kika manta a nan, na ce miki yana nan kalau. Ban faɗa miki duka ba.

Farar takardar nan da aka naɗe bangonsa da ita, na zaci ta shago ce. Na cire ta na hura murhu. Sannan na zauna da littafin kullum bayan na gama da kifi. Kin san yadda Malama Hynes ta ɗakin karatun garinmu ta koya mana a ajin manya: duk kalmar da ta gagare ka, ja mata layi. Na ja, Bernie. Shafi sittin da biyu na ja wa. So nake in kin dawo Kirsimeti in yi miki hirar mawaƙiyar da kike rubutu a kanta, ko da kalma biyu ce.

Sai da kika yi bayani na gane ba naki ba ne, ba ma na jami'arku ba ne, daga wata jami'ar aka aro miki. Kika ce takardar ce shaidar aron, kuma idan bai koma daidai ba za su rufe miki aro, alhali sauran littattafai uku kike jira kafin ki gama kundinki. Ina ajiye waya na faɗa wa babanki abin da na yi. Babanki ya ce, "Philomena, shekara hamsin ba ki taɓa littafi ba, da kika taɓa kin ƙone jami'a." Ban yi dariya ba.

Kwana uku ina gogewa. Magogi biyu na cinye. Da na gama, na kai wa Malama Hynes, na faɗa mata komai. Ta buɗe shafi-shafi a gaban taga, sannan ta bugo wa ɗakin karatun jami'arku waya, ta miƙa mini. Wata mata ce ta ɗauka, mai sanyin murya. Ta ce lambar takardar tana cikin kwamfuta, za su buga wata, ba ni ce ta farko ba. Ta nemo mana ƙarin sati biyu saboda jirgin fito. Ta kuma ce biyu daga cikin babobin da kike buƙata suna cikin rumbun maƙalolinsu na intanet, ki shiga da lambarki ta ɗaliba ki karanta tun kafin littafin ya iso. Ta tambaya da biro na ja ko da fensir. Na ce fensir. Ta ce, "To Mama, je ki sha shayi."

Littafin ya bi jirgin Talata, na naɗe shi da tawul. A shafi na arba'in takardar ta ɗan yi laushi, ki nuna musu da kanki, kada su gano daga baya.

Kafin in goge, na kwafe kalmomin duka a littafina. Ɗari da goma sha ɗaya ne. Ƙamus ya ba ni duka ban da huɗu, ga su nan a bayan wannan takarda.

Ki ba ni amsa kafin sha biyar ga wata, in san ko kina fushi da ni, don in san da wace fuska zan tare ki a bakin jirgi. Kada ki bugo waya. Ki rubuto, da ma'anar kalmomin nan huɗu. Ni zan karanta da kaina, kuma a takardarki ina da ikon jan layi.

Babanki da kakarki suna gaishe ki. Allah ya tsare mini ke.

Ni ce mahaifiyarki,
Philomena Tizzard