Rigar Yaƙin da Ba Namu Ba

Litinin, 8 Afrilu 2013
Tun da hukumar gari ta rufe wurin da tsofaffi ke taruwa, Baba Gamaliel bai leƙa titin unguwarmu ta Moss Side a nan Manchester ba. Ya ci, ya zauna bakin taga, shiru. Ina tsoron shirun nan ya haɗiye mini uba.

Laraba, 10 Afrilu
Aikin ɗinki ya samu! Wani Bature, Alfred, ya bugo daga Birmingham. Ƙungiyarsu na kwaikwayon "civil war", wato yaƙin basasa, suna son rigunan soja daidai da na lokacin. Na ce ai gida ya zo, ubana kofur ne a yaƙin basasar ƙasarmu. Ya yi dariya. Na ɗauka murna ce.

Asabar, 13 Afrilu
Shekara arba'in ban taɓa tambayar Baba yaƙin nan ba, Mama ta hana. Yau dai na shimfiɗa rigar kakin da na ɗinka a gabansa. Ya daɗe yana shafawa, sannan: "Celestina, aljihu huɗu ne, ba biyu ba. Wa ya koya miki ɗinki?" Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

Talata, 16 Afrilu
Sau uku ya sa na farke kafaɗa. Har unguwar Rusholme ya bi ni a bas neman maɓalli, ya raina na kowane shago.

Alhamis, 25 Afrilu
Kunya kamar ƙasa ta tsage. Alfred ya zo, ya ga kakin, ya yi sororo. Ashe su ma Turawa sun yi tasu basasar, shekara ɗari uku da ɗoriya, sarki da majalisa. Jan ulu mai kauri yake so, ɗinkin hannu. To, da ma kowa da yaƙinsa? Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Shi ya sa ya yi dariya da kika ce ubanki ya je!"

Juma'a, 10 Mayu
Ulu, ulu, ulu. Yatsuna sun kumbura. Baba ne mai duba aiki, ba ya ɗaga ƙafa.

Asabar, 25 Mayu
Mun je Birmingham kallon wasan su Alfred. Masu, ganguna, bindigogin toka, hayaƙi. Rigunana sun yi kyau ko da ƙura, in ban yabi kaina ba wa zai yabe ni? Aka busa usur, waɗanda suka "mutu" suka miƙe suna kakkaɓe wando. Baba ya tafa musu sosai. Sannan a hankali ya ce, "Namu ba su tashi ba."

A jirgin ƙasa ya fara kiran sunaye. Ɗantani. Rabe. Falalu, wanda ya ara masa riga ana ruwa. Har Manchester bai yi shiru ba, ni kuma ban katse shi ba.

Lahadi, 26 Mayu
Na ɗauko kakin nan na rage masa faɗi, Baba ya rame fiye da yadda yake tunawa. Don kada yadi ya lalace ne kawai. Gobe zan tambaye shi wane ne Falalu.