Lanƙwasar Takalmin Doki

Alhamis, 29 ga Agusta, 1850

Har yau 'yan majalisa na can Washington suna ja-in-ja a kan California, ta shigo tarayya da bauta ko babu bauta. Wata nawa ke nan! Mijina Lemuel ya ce idan ta shigo 'yantacciya, Kudu mai riƙe da bayi ba za ta koma hannu rabbana ba. Na ce to me za a ba ta? Ya yi kamar bai ji ba, ya koma maƙerarsa.

Shekararsa goma sha ɗaya da gudowa daga bauta, ya hayo kogi daga Kentucky, takardar 'yanci ko ta ƙarya ba shi da ita. Ni da 'yarmu Tamar a nan Ohio aka haife mu, babu mai taɓa mu. Shi ne dai.

Alhamis, 12 ga Satumba

California ta shigo, babu bauta. An buga ƙararrawar coci, maƙwabciyarmu Gwaggo Dorcas har da taka rawa duk da ciwon gwiwarta. Ni kam ban taka ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ashe ga abin da aka ba Kudu. Fasto ya karanto mana daga jarida: duk bawan da ya gudu, komai daɗewarsa, ubangidansa ya yi rantsuwa kawai a kamo masa shi. Wanda aka kama ba shi da bakin magana a gaban hukuma. Wanda ya ɓoye shi kuma, kurkuku. Wai sulhu suke kiran wannan. Sulhu! Sun auna jiha da jiha, mudu bai cika ba, suka cika shi da mijina.

Gida biyu a layinmu sun fara ɗaure kaya za su Kanada. Na gaya wa Lemuel ni ba inda za ni. Babana ya ɗora gidan nan itace bayan itace, kabarinsa na bayan coci. Waye ma ya san mu?

Talata, 24 ga Satumba

Na kai wa Lemuel abincin rana na tarar da baƙo, wani dillalin dawakai daga Kentucky, Mista Pruitt. Lemuel ya gama sa wa dokinsa takalmin ƙarfe. Mutumin ya ɗaga kofaton ya daɗe yana kallo, yana shafa wutsiyar ƙarfen da yatsa, inda Lemuel ke lanƙwasa ta ciki don kada doki ya yanki ƙafarsa.

“Kai, wa ya koya maka wannan?”

“A nan na tsinta, yallaɓai.”

“To? Ni maƙeri ɗaya na sani mai wannan lanƙwasar, wani tsoho a gonar su Garrard. Ya rasu. An ce wanda ya koya wa ya gudu tun da daɗewa.”

Ya yi dariya ya hau dokinsa. Mun sauya wa mijina suna, ya tara gemu, har harshensa ya gyaru. Hannun ne ba wanda ya tuna da shi.

Asabar, 28 ga Satumba

Na ce, “Baban Tamar, don girman Allah ka daina lanƙwasar nan.” Ya gwada. Takalmi huɗu ya ƙera miƙaƙƙu irin na kowa, na biyar sai ga shi ya lanƙwashe bai ma sani ba. Ya jefa shi cikin ruwa ya zauna. Ya ce, “Keziah, ko na daina, dawakai nawa ne a gundumar nan suke yawo da shi a ƙafa?”

Ban taɓa tunanin wannan ba. Kowane doki shaida ne.

Talata, 1 ga Oktoba

An ga Pruitt a mashigar kwale-kwale, shi da wani mutum. Na kasa cin komai.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Mun yi faɗa. Ya ce shi kaɗai zai tafi Kanada, mu zauna, tunda mu ba a nemanmu. Na ce ka ji shi, wa zai dafa maka, kai da ko ruwa ƙona shi kake yi? Bai yi dariya ba. Na ce masa matsoraci. Allah ka yafe mini, mutumin da ya haye kogi a kan ƙanƙara na kira matsoraci. Tsoro nawa ne, ni na sani.

Duk dokin da ya wuce ƙofa sai na leƙa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Lokacin dasa tafarnuwa ya yi, kowa na layin nan ya duƙa a lambu, sai Yuli a tone. Na fito da irin nawa, na tsaya, sai na kai wa Gwaggo Dorcas duka. Ba wani abu ba ne, ƙasata ce ta gaji. Haka na gaya mata.

Ta karɓa. Har na kai ƙofa ta ciro kan tafarnuwa uku ta cusa mini a aljihu, ta ce an ce tana jure sanyin can. Ban tambaye ta ina ne can ba. Ban kuma mayar mata ba.