Tabarmar Baba a Kan Sola

Gefen Dam ɗin Watari, Litinin

Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya aikin jiragen ruwa? Baba da Inna suna gaishe ka.

Yaya, hankalina a tashe yake. Ruwa ya cinye hanyar mota, matarka Ramlat kuma watan haihuwarta ya tsaya. Asibiti yana tsallaken dam. Kwalekwalen Baba da ka sa wa sola da batir da inji shi kaɗai muka dogara da shi, ga shi kwana shida fitilar batirin ja take nunawa. Jiya ko rabin hanya injin bai kai ba ya mutu.

Kada ka ce sakaci ne. Baba ji yake da solar nan kamar ƙwai, har sabuwar tabarma ya ɗaure a kai kada rana ta fasa gilashin. Ya ce abin da ɗansa ya kawo ba zai ƙone a hannunsa ba.

Maƙwabcinmu Malam Uwaisu zai turo maka hoton wasiƙar nan idan ya sami sabis.

Ƙanwarka,
Sauda

Legas, Laraba

Sauda,

Wa alaikumus salam. Innalillahi! Tabarma? Ai ranar ce abincinsa! Ki cire ta yanzu, ki goge gilashin, ki bar shi ya sha rana wuni biyu kafin kowa ya hau. Laifina ne, na haɗa waya na tafi ban zauna na yi wa Baba bayani ba. Ki faɗa masa cikin ladabi, amma wallahi ko zai yi faɗa ki cire. Tsoro nake ji, Sauda.

Ki gaishe min da Ramlat.

Yayanki,
Kamaruddeen

Watari, Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Sai yau wasiƙarka ta iso. Naƙuda kuwa tun Alhamis da hantsi.

Muka sa ta a kwalekwale, a tsakiyar ruwa injin ya mutu. Iska tana mayar da mu baya, Baba yana tuƙi da filafili har hannunsa ya salluɓe, Ramlat tana ta salati, rana tana dukanta. Da ya ga numfashinta yana sama-sama, sai ya fizge tabarmar ya ce, "Gilashin ya fashe in zai fashe, yi mata inuwa!"

Ban san minti nawa muka yi ba. Na dai ga fitilar ta bar ja, na murɗa makunni, injin ya kama a hankali kamar jan tsohon jaki. Haka muka lallaɓa har gaɓa.

Mace ce, dukansu lafiya. Na karanta wa Baba wasiƙarka, sai ya ce a shimfiɗa wa baƙi tabarmar ranar suna.

Taka,
Sauda